Na gaji da lallaɓa batir, na bar wayar ta dinga tsimin caji da kanta

Ranar da abin ya kai ni maƙura a Illela nake, cikin watan Afrilu, irin ranar nan da ko akuya ba ta yarda ta fito daga ƙarƙashin mota. Mun gama lodin albasa, direba ya ɗaure tamfol ya tsaya yana jiran in ce masa bismilla, ni kuma ina jiran alat daga wani mutumina na Kudu da ya rantse min ya turo kuɗi tun ƙarfe ɗaya. Na ciro waya in duba, sai na ga saura kashi 4. Na ce to bari in yi sauri, na buɗe manhajar banki, ɗan zoben nan nata ya fara juyawa, yana juyawa yana juyawa, kafin ya gama sikirin ya yi baƙi ƙirin. Shi ke nan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da kashi 80 da wani abu na baro gida Mabera bayan sallar asuba. Ban kalli bidiyo ko ɗaya ba, ban leƙa Facebook ba, kiran da na yi bai wuce goma ba kuma duk gajeru ne, irin na kana ina, ga ni nan tafe. To ina cajin ya tafi?

Haka na taka zuwa rumfar wani yaro mai cajin waya, janareto na ta ƙara a bayansa, ga allon katako an jera soket sun fi talatin, wayoyi kwance birjik kamar kifi a kan tire. Ya yago 'yar farar salatif ya manna a bayan wayata ya rubuta 27, ya miƙo min guntun kwali shi ma da 27 a jiki. Na zauna bisa benci kusan minti arba'in ina fifita da hula, direba ya zo sau biyu yana cewa "Alhaji mi muka jira ne wai, rana na yi hwa." Da ta ɗan farfaɗo na kunna, ashe kuɗin sun shigo tun tuni. Awa guda ta tafi a banza saboda abin da bai kai ya kawo ba.

Da na dawo gari washegari na kira ɗan yayata, yaron da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Danfodiyo, na ce masa ya zo ya raka ni in sayi sabon batir ko ma in canza wayar gaba ɗaya. Ya karɓa ya shiga setin, ya danna nan ya danna can, ya nuna min wani zane mai kama da gangaren dutse, ya ce "Kawu, batirinka lahiya lau shike. Laihinka na, ba na waya ba. Ba ka taɓa hwaɗa mata abin da za ta yi ba."

Na so in ji haushi amma da ya yi bayani sai na ga gaskiyarsa. Zanen ya nuna daga lokacin da muka wuce Gwadabawa layin ya fara zubowa ƙasa da gudu. Dalili kuwa, waya in ta shiga inda sabis ke da rauni ƙara ƙarfi take yi tana neman eriya, kamar mutumin da ke ƙwala kira a daji, ga shi sim biyu gare ni kowanne na nasa neman, ga kuma bakin iyaka inda wayar ke jin ƙamshin layukan Nijar daga Ƙonni tana ta kai da komo. Wannan ya tuna min da 2021 lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan tamu ta Sakkwato saboda matsalar tsaro, mutanen da ke zuwa daga can suna cewa abin mamaki waya ba kira ba saƙo amma kafin la'asar ta mutu. Ashe neman sabis ɗin da babu shi ne ke cinye ta. Sannan ga hasken sikirin da ke hayewa ƙarshe da kansa in kana tsakiyar rana, ga lokeshan a kunne tun ranar da na nemi wani gida a Arkilla wata biyu da suka wuce ban kashe ba, ga manhajoji sun fi ashirin da ke ta aiki a ɓoye ba wanda ya aike su.

Na ce masa ai ina kunna abin tsimin nan in ta kai 15. Ya yi dariya ya ce to nan ne matsalar take.

Wannan magana ita ce ta sa na zauna rubuta wannan abu, don na lura kusan duk wanda na sani haka yake yi. Wayoyin nan in sun zo daga kamfani an saita su ne sai caji ya sauko 20 ko 15 sannan su tambaye ka ko kana son a fara tsimi. Wanda ya tsara haka yana zaune ne a garin da in ya koma gida da dare tabbas akwai wuta, damuwarsa kawai wayar ta kai shi ƙofar gida. Mu kuwa nan tambayarmu daban ce, ba wai ta kai dare ba, a'a ta kai lokacin da za a kawo wuta, wanda ba wanda ya san shi, yana iya zama ƙarfe biyun dare yana iya zama jibi. Mutumin da ya fara tsimin hatsi bayan rumbu ya koma saura kwano biyu ai ba tsimi yake ba, lissafin ranar yunwa kawai yake. Tsimin da ake farawa a 15 bai fi ya ƙara maka 'yan mintuna ba, amma wanda aka fara tun ana 60 shi ne ke kai ka gobe.

Kuma ni na san kaina, ba zan tuna ba. Ina cikin ciniki ana ja-in-ja kan ɗari biyar a buhu, wa zai tuna da wani maɓalli a waya? Shi ya sa dole ita wayar ta dinga yi da kanta.

Abu mafi sauƙi da ya fara nuna min, wanda kusan kowace Android ke da shi, a cikin setin ne wajen batir. Akwai wurin da ake kunna tsimin caji, wasu wayoyin sun rubuta Battery Saver wasu Power Saving, to a ƙarƙashinsa galibi akwai inda za ka sa masa ƙa'ida, wato ka zaɓi adadin da in caji ya sauko nan ya kunna kansa ba tare da ya tambaye ka ba. A wasu wayoyin kana iya jan abin har zuwa 75. Ba sabon abu ba ne fa, tun Android 5 a 2014 aka sa shi, a 2015 suka ƙaro wanda ke sa waya ta yi barci mai nauyi in an ajiye ta ba a taɓawa, a 2018 kuma da Android 9 suka kawo wanda ke lura da manhajojin da ka fi buɗewa ya rage wa sauran abinci. Sama da shekara goma ke nan abin na cikin aljihunmu muna ta biyan mai caji.

Da ya kunnu abin da yake yi shi ne ya rage gudun wayar kaɗan, ya hana manhajoji shiga intanet a ɓoye, ya rage yawan duba lokeshan, in sikirin ɗinka irin mai santsin nan ne da ke sabunta hoto sau 90 ko 120 a daƙiƙa ya mayar da shi 60. Gaskiya a kwana biyun farko za ka ji wayar ta ɗan yi nauyi in kana ja da yatsa, bayan nan ka manta.

Tawa Samsung ce, to ita tana da wani abu da ya fi wannan daɗi mai suna Modes and Routines, a tsofaffin kuma Bixby Routines ake kiransa kafin su canza suna a 2022. Tsarinsa kamar yadda kake ba yaron shago umarni ne, in kaza ya faru to ka yi kaza. Sama ka zaɓi sharaɗi, ƙasa ka zaɓi aiki. Muka zauna a kan tabarma a ƙofar gida bayan magariba muka jera guda huɗu.

Na farko, in caji ya sauko ƙasa da 60 a kunna tsimi. Yaron ya so mu sa 50, na ce a'a ni na san hanyar da nake bi.

Na biyu shi ne na dare. Daga sha ɗaya da rabi zuwa huɗu da rabi na asuba a kashe data, a kashe bulutut, a kashe lokeshan. Wannan shi ne ya fi ba ni mamaki, don da can in na kwanta da 70 sai in tashi da 55 ko ƙasa, ina cewa ko aljanu ke kallon fim da ita. Ashe guruf-guruf ɗin WhatsApp ne, na 'yan uwa da na 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗaliban makarantarmu, wani ba ya barci sai ya turo bidiyon wa'azi mai minti arba'in ƙarfe ɗayan dare, waya kuma ta tashi ta sauke shi tana zafi a ƙarƙashin filo. Yanzu in na kwanta da 70 ina tashi da 67 ko 68. Kira dai yana shigowa tunda ba layin aka rufe ba, data ce kawai, in wani abu ya faru da dare ai kira za a yi ba saƙo ba. Na kuma shiga WhatsApp ɗin kansa na hana shi sauke hoto da bidiyo sai na danna da hannuna, wannan har kuɗin data ya rage min.

Na uku ƙarami ne amma ina son sa. In na buɗe Google Maps lokeshan ya kunnu, in na fita ya koma a kashe. Shi ke nan ba sauran mantuwar wata biyu.

Na huɗu na ranakun tafiya ne, shi ba ya tashi da kansa, maɓalli ne guda muka ajiye a fuskar waya, in na shiga mota na danna sai ya kunna tsimi ko da caji na 100, ya sa sikirin ya dinga mutuwa bayan daƙiƙa 15, ya kashe duk wani abu da ba na buƙata. Yaron ya ce me zai hana mu sa ta shiga yanayin jirgin sama gaba ɗaya in an bar gari tunda neman sabis ne ke cin cajin. Na ce masa kul. Hanyoyin nan namu na gabas da arewa yadda suke yanzu, in mai ɗakina ta kira sau biyu ta ji a kashe kafin in iso ta tara dangi. Gara cajin ya ƙare da in jefa mutane cikin tashin hankali. Abin da nake yi a madadin haka, sim ɗin da na san ba ya kamawa a wancan yankin shi nake kashewa da hannu in bar ɗayan, kuma in ba tiransifa zan duba ba ina rufe data. Wannan har yau da hannu nake yi.

To ka san mutum in ya koyi sabon abu sai ya wuce gona da iri. Bayan yaron ya koma makaranta na ci gaba da tone-tone ni kaɗai, na gano wani wuri da ake jefa manhajoji cikin barci mai zurfi, wato ba za su motsa ba sam sai ka buɗe su da kanka. Na ji daɗi, na dinga jefawa kamar mai kwasar shara, wannan shiga, wannan ma shiga. Caji kuwa ya dinga kwana biyu, ina ta yi wa abokai burga a majalisa.

Sai azumi ya zo.

Akwai wata manhajar lokutan salla da na daɗe ina amfani da ita, ita ke tashe mu sahur duk shekara. Ashe tana cikin waɗanda na jefa. Daren farko Allah ya taimaka mai ɗakina ba ta yi barci sosai ba ita ta tashe mu, ban ma lura wayar ba ta yi ƙara ba. Dare na biyu kuwa an ɗauke wuta tun magariba, zafi ya hana kowa barci sai wajen ƙarfe biyu, muka baje a tsakar gida, lasifikar masallacin unguwa ita ma ba wuta. Ban farka ba sai da na ji tafiyar mutane a lungu suna dawowa daga masallaci, gari har ya fara haske. Tuwon da aka ajiye da miyar kuka da furar da aka dama tun dare suna nan a rufe. Gida guda muka yi ɗore, a Sakkwato, cikin watan Maris. Wanda ya san garin nan ya san me nake nufi, wajen ƙarfe uku na rana harshe ya zama kamar fatar da aka shanya.

Mai ɗakina ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Da la'asar tana tankaɗe ta ɗago ta ce "Alhaji, wayar dai ta samu cajinta ko? To madalla, mu dai mun sha." Inna kuma da labari ya kai mata cewa ta yi ita 'yar ƙaramar wayarta mai tocila kwana huɗu take ba caji kuma ba ta taɓa hana ta sahur ba.

Daren nan na kira yaron a waya. Ya ce "Kawu ai ba kowa aka sa ma barci ba, ko gida akwai mai gadi." Ya kwatanta min ɗaya jerin, na manhajojin da ba a yarda a taɓa su ba komai tsimi. A wasu wayoyin za ka shiga bayanin manhajar ne ka je wajen batir ka zaɓi kar a takura mata. Na sa manhajar salla, na sa WhatsApp, na sa manhajojin bankina guda biyu, don su ma na lura alat ɗinsu ya koma zuwa a makare sai na buɗe, wanda ga ɗan kasuwa ba ƙaramar matsala ba ce, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 rabin cinikinmu ya koma tiransifa. Ya kuma ce duk abin da ya shafi tashi daga barci in dinga sa shi a agogon da ya zo da wayar, don shi tsarin wayar ya san da zamansa, ko tana barci mai nauyi yana tashin ta. Yanzu biyu nake sawa, na manhaja da na agogo, tsakaninsu minti biyar.

Don haka duk wanda zai bi wannan hanya, kafin ka kwanta ka gwada. Ka sa ƙararrawa ta minti goma, ka ajiye wayar ka gani ko za ta yi kuka. Ka ce wani ya turo maka saƙo ka ga ko zai shigo ba tare da ka buɗe ba. Ni ban gwada ba, iyalina suka biya.

Wayar mai ɗakina Tecno ce, kuma ita ta fi ni buƙatar caji ma, don turaren wuta da humra take sayarwa ta sitatus, yini take tana amsa nawa ne wannan, nawa ne wancan. Irin su Tecno da Infinix ba su da wancan tsarin na in kaza to kaza, amma suna da nasu wajen kula da batir, akwai tsimi na yau da kullum akwai kuma mai tsanani wanda ke mayar da wayar kamar ta Inna, kira da saƙo da 'yan manhajoji kaɗan da ka zaɓa. Suna kuma da wani abu da nake ganin mutane sun raina, wato ka sa wa waya lokacin da za ta kashe kanta da lokacin da za ta kunna kanta. Tata tana mutuwa sha biyun dare ta tashi biyar saura, tunda tawa na kunne in ana neman mu.

Da ta ga nawa na yin abubuwa da kansa ta ce ita ma tana so, sai yaron ya sa mata wata manhaja mai suna MacroDroid daga Play Store. Shi ma tsarin ɗaya ne, abin da zai tayar, aikin da za a yi, sai sharaɗi in kana so. Na kyauta yana ba ka damar guda biyar, kuma biyar ɗin sun ishi mai hankali. Sai dai a nan akwai ɗan aiki, Android ba ta barin kowace manhaja ta taɓa manyan maɓallai irin su data da tsimin caji haka kawai, sai da ya haɗa wayar da laftof ɗinsa ya ba ta wani izini na musamman. In ba ka da mai yi maka wannan, ka tsaya kan abubuwan da ba sa buƙatar izinin, kamar rage haske da rage lokacin mutuwar sikirin, ko ta yi maka ƙara in caji ya kai wani adadi don ka tuna. Wani abin dariya kuma, kwana biyu da sawa abin ya daina aiki, da aka duba ashe tsimin cajin wayar ne ya kama shi MacroDroid ɗin ya sa shi barci. Mai gadi ya kulle wanda ya ɗauke shi aiki a waje. Shi ma sai da aka sa shi cikin waɗanda ba a taɓawa.

Ƙanena mai iPhone, wanda kullum yana yawo da caja a aljihun kaftani kamar carbi, shi nasa ya fi sauƙi. Low Power Mode suke kiran nasu, tun 2015 yake, yana tambayarka a 20 ya sake tambaya a 10, alamar batir ta koma ruwan ɗorawa, in ka yi caji ya kai 80 ya kashe kansa. A cikin manhajar Shortcuts akwai wajen da ake tsara aiki mai tashi da kansa, tun 2020 suka sa matakin batir a ciki, sai ka ce in ya sauko ƙasa da 50 a kunna, ka kuma zaɓi ya yi nan take ba sai ya nemi izini ba. Shi har ƙari ya yi, duk lokacin da aka zare caja ya kunnu, wato wayarsa kullum cikin tsimi take. Ya ce bai ga abin da ya rasa ba.

Akwai shawarar da za ka ji ko'ina cewa kar ka bari caji ya wuce 80 kar kuma ya sauko ƙasa da 20, wai batir ya fi daɗewa. Gaskiya ne, irin batirin da ke cikin wayoyin nan ba ya son zama a cike maƙil na tsawon lokaci, ba ya kuma son a tatse shi tas, shi ya sa sababbin wayoyi ke da maɓallin da ke tsayar da caji a 80 ko 85. Amma fa wannan ma shawarar masu wuta ce. In an kawo wuta ƙarfe ɗayan dare kuma ban san ko za ta kai awa biyu ba, ka ce in bar kashi 20 a bango saboda lafiyar batir na shekara mai zuwa? Ni dai abin da nake yi, makon da nake gari ina zama shago inda muke da 'yar sola ina kunna shi, daren da zan yi tafiya kuma ina kashe shi ta cika fal.

Abin da ya fi 80 ɗin nan muhimmanci a wurinmu zafi ne, kuma shi ba setin da ke maganinsa. Kamfanin Apple da kansa ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu wuce 40 ba labari ba ne, a inuwa ma. Zafi yana cin batir ci na dindindin, ba irin wanda caji ke mayarwa ba. Tsohuwar wayata haka ta ƙare, ina ajiye ta a gaban mota bisa dashbod tana caji rana na dukanta ta gilashi, wata rana na ga murfin baya ya ɗago, na ɗauka gam ne ya saki, mai gyara ya buɗe sai ga batir ya kumbura kamar burodin da ya sha yis. Ya ɗauke shi da tsinken ƙarfe a hankali ya kai waje ya ce in gode wa Allah bai kama wuta a aljihuna ba. Tun daga nan in zan yi caji ina cire mata riga, in ajiye ta a ƙasa kan siminti kusa da randa inda ke da ɗan sanyi, ba kan katifa ba, ba ƙarƙashin filo ba. Masu kabu-kabu da ke haɗa waya da fawa bank su cusa aljihu ɗaya suna yawo cikin rana, ina tausaya wa batiran nan. Kuma don Allah a daina sa waya a firiza don ta huce, raɓar da za ta taru a ciki ta fi zafin illa.

Su kuma manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roket da ke cewa za su wanke maka waya su sanyaya ta su ninka maka caji, na taɓa tara guda uku a lokaci ɗaya. Talla kawai suke nuna maka, su kansu suna cikin masu shan cajin. Duk na goge. Haka ma ɗabi'ar nan ta share duk manhajojin da ke buɗe kowane minti biyar, yaron ya ce wayar ta fi wahala wajen sake tayar da su daga farko fiye da barinsu a kwance. Baƙar fuska kuma, wato ka mayar da sikirin baƙi, tana taimakawa ne in sikirin ɗinka AMOLED ne don shi baƙin wurin a kashe yake, in kuwa LCD ne fitilar baya na kunne ko fari ko baƙi, sai dai ka huta da ido kawai.

Watan jiya na sake komawa Illela. Na fito da 100, na danna maɓallin tafiya tun daga tasha, na kashe sim ɗaya bayan mun wuce Kware. Muka yi lodi, alat ya shigo ina tsaye a gindin mota, na duba na ce wa direba bismilla, caji na 61. Da zan wuce ta gaban rumfar yaron nan mai caji ya gane ni, ya ɗaga hannu ya ce "Alhaji ka guje mu, ko ka sayi sabuwa ta?" Na ce ita ce dai, na tsaya na nuna masa abin da aka yi mata. Ya karɓa ya duba, ya ciro tasa daga aljihu ya ce in saita masa, don shi ma in ya koma gida da dare ba wuta gare su ba kuma ba ya tayar da janareto saboda waya ɗaya. Na saita masa a 60, na sa masa agogo da WhatsApp cikin waɗanda ba a taɓawa. Ya yi godiya har da ba ni ruwan leda mai sanyi kyauta, sannan ya waiga ya kalli mutanen da ke zaune bisa benci da guntayen kwali a hannu, ya rage murya ya ce "Amma don Allah Alhaji, kak ka koya ma waɗanga."